Gabar gado: masu faɗa suna mutuwa, faɗan yana nan

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina da ƙanensa, uba ɗaya amma kowa da uwarsa, yau shekara 22 ba sa magana saboda wata gona da kakanmu ya bari. Mu 'ya'yansu mun tashi ba ma gaisawa, kuma da za a tambaye ni abin da 'ya'yan baffa suka yi mini, ba ni da amsa. In na karanta labarin ƙasashe ko mabiya addinai masu gaba da juna, sai in ji kamar labarin gidanmu ake bayarwa. Shin cutar ɗaya ce? Kuma irin wannan gaba tana ƙarewa kuwa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambayi kanka laifin 'ya'yan baffanka. Mutane da yawa har furfura ta cika musu kai ba su taɓa yi wa kansu wannan tambayar ba.

Akwai inda cutar take ɗaya, kuma kana iya gwadawa a gida. Ka zauna da mahaifinka ka roƙe shi ya ba ka labarin gonar, ka lura da ranar da zai fara. Da za ka samu zama da baffanka, sai ka ji shi ma da tasa ranar. Na daɗe ina koyar da tarihi, an kuma sha kira na zaman sulhu, ban taɓa ganin masu gaba biyu sun ɗauko labari daga rana ɗaya ba. Mahaifinka zai iya farawa daga daminar da aka matsar da iyaka. Baffanka kuwa sai ya koma baya shekara goma, lokacin da aka fifita wani ɗaki a kan ɗakin uwarsa. Kowa daga ranar da aka cuce shi yake buɗe littafi, abin da shi ya aikata bayan nan sunansa ramuwa. Ba dole ba ne a samu maƙaryaci a cikinsu. Kowa yana iya faɗin gaskiya zalla, amma rabinta.

Bari in kai ka Faransa da Jamus, don ban san wata gaba da aka rubuta tarihinta dalla-dalla kamar tasu ba. Jamusawa har kalma gare su ta kiran Faransa, ma'anarta abokin gaba na gado.

In ka tambayi Bafaranshen shekara ɗari da suka wuce, zai ce maka abin ya fara ne a 1870. A shekarar sojojin Jamus ƙarƙashin jagorancin Prussia, mafi ƙarfin masarautun Jamusawa a lokacin, suka kama sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, a Sedan, suka yi wa birnin Paris ƙawanya. Ranar 18 ga Janairu 1871 suka naɗa sarkinsu Wilhelm sarkin Jamus baki ɗaya, kuma ba a Berlin suka yi naɗin ba, a cikin Zauren Madubai na fadar Versailles suka yi shi, fadar sarakunan Faransa. Kamar a ci garinku da yaƙi ne, a zo a yi naɗin sarauta a soron gidan sarkinku. Suka ƙwace yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, suka ɗora wa Faransa tarar faran biliyan 5. A dandalin Concorde da ke Paris akwai wani mutum-mutumi da ke wakiltar birnin Strasbourg, babban birnin Alsace. Faransawa suka lulluɓe shi da baƙin ƙyallen makoki, haka aka riƙa yi har 1918. Yaron da aka haifa a 1890 bai ga yaƙin ba, amma ya ga ƙyallen, ya ga taswirar aji da aka shafa wa yankunan nan biyu launi na daban.

Bajamushe kuma zai ce maka ai 1870 ramuwa ce. Zai kai ka 1806, lokacin da Napoliyon na Farko ya ragargaza Prussia a Jena, ya shiga Berlin, ya sa aka sauke dawakin tagullar da ke saman Ƙofar Brandenburg aka kai su Paris a matsayin ganima. In ka ba shi dama zai ƙara ja da baya zuwa 1689, da sojojin sarkin Faransa Louis na 14 suka ƙone garuruwan gaɓar kogin Rhine, har da Heidelberg, wadda kangon fadarta yana nan ana zuwa kallo. Zai kuma tuna maka cewa Strasbourg ɗin da ake wa makoki, a 1681 Faransa ta haɗiye ta. Ka ga kowa da ranarsa.

Yanzu ka bi yadda aka riƙa biyan bashin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, a Verdun kaɗai cikin watanni goma na 1916 mutum wajen 300,000 suka mutu daga ɓangarorin biyu. Wutar har mu ta lasa: 'yan Nijar na cikin sojojin da Faransa ta kwasa daga ƙasashen da take mulka, Hausawan da ke rundunar Ingila kuma sun gwabza da Jamusawa a Garwa da Mora a Kamaru, a kan rigimar da ba gonar ubansu ba. Da Jamus ta sha kashi, sai aka kira wakilanta dajin Compiègne, suka sa hannu a kan tsagaita wuta a cikin wani taragon jirgin ƙasa, ranar 11 ga Nuwamba 1918. Taron zaman lafiya kuwa an buɗe shi ne ranar 18 ga Janairu 1919, daidai ranar naɗin nan na 1871, aka kuma sa Jamus ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar a cikin Zauren Madubai ɗin dai. Babu tsautsayi a ciki, da gayya aka zaɓi ranar da wurin. A 1923, da Jamus ta gaza biyan diyya, sojojin Faransa da na Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr, inda kwal da masana'antunta suke.

Shi kuwa taragon, Faransawa sun adana shi a gidan tarihi. A Yunin 1940, da Hitila ya ci Faransa cikin makonni shida, ya sa aka fasa bangon gidan, aka jawo taragon aka ajiye shi daidai inda ya tsaya a 1918, a ciki Faransa ta sa hannu ranar 22 ga wata. Daga nan aka ja shi zuwa Berlin. Kullum in na zo nan a aji sai in tsaya, don ɗalibai su ga cewa manyan ƙasashe masu jami'o'i da masana falsafa sun shekara saba'in suna abin da kishiyoyi ke yi a tsakar gida. Ba cin nasara kaɗai ake nema ba, so ake wancan ya ɗanɗani irin wulaƙancin da aka ɗanɗana, a wuri ɗaya, in da hali a rana ɗaya.

To ta yaya aka kashe ta? Ba da zaman tantance wanda ya fara ba. Har yau ba a yi wannan zaman ba, kuma da an yi da ba a tashi ba. Ranar 9 ga Mayu 1950, shekara biyar kacal da gama yaƙi, ministan harkokin wajen Faransa Robert Schuman ya kawo shawarar a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Da kwal da ƙarfe ake ƙera igwa da tankar yaƙi, saboda haka wanda ba shi da iko shi kaɗai a kan nasa, ba zai iya shirya yaƙi a ɓoye ba. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu, da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambag, kuma wannan ce tushen Tarayyar Turai ta yau. Ka lura da mutumin da ya kawo shawarar. Mahaifin Schuman ɗan Lorraine ne, shi kansa da takardar zama ɗan Jamus ya tashi, a jami'o'in Jamus ya yi karatu, sai bayan yaƙin farko ya zama Bafaranshe. Mutum ne da ya ji labarin daga ɗakuna biyu.

Sannan sai Janar de Gaulle, wanda ba wanda ya isa ya ce masa mai sayar da ƙasa. A Verdun aka ji masa rauni a 1916, Jamusawa suka kama shi, ya yi fiye da shekara biyu da rabi a hannunsu, kuma shi ya jagoranci masu turjiya a yaƙi na biyu. A Satumban 1958, yana shugaban gwamnatin Faransa, ya gayyaci shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, ba fadar gwamnati ba, gidansa na ƙauye, ya kwana a can. A 1962 suka tsaya tare a babban cocin Reims, wanda igwar Jamus ta yi wa ɓarna a 1914. Ranar 22 ga Janairu 1963 suka sa hannu a yarjejeniyar Élysée, wadda abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne mafi rashin armashi: ta wajabta wa shugabannin biyu haɗuwa aƙalla sau biyu a shekara, ministocinsu fiye da haka, ana shiri ko ba a yi. Aka kafa hukumar musayar matasa, miliyoyin yara suka je suka zauna a gidajen waɗanda kakanninsu suka harbi juna. A 1984 shugaban Faransa Mitterrand da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Kohl suka tsaya riƙe da hannun juna a maƙabartar Verdun. A 2006 aka fito da littafin tarihi guda na 'yan sakandare, malaman ƙasashen biyu suka rubuta tare.

Kada ka ɗauka tsarkin zuciya ne kawai ya yi wannan aiki. Jamus ta sha kashin da ba ta iya musu, an gurfanar da shugabanninta a Nuremberg, ƙasashen biyu sun talauce, ga tsoron Tarayyar Sobiyet, ga Amurka tana matsa musu da kuɗinta. Kuma an warware maganar ƙasa: Alsace, wadda ta koma hannun Faransa, ta zauna a can, yankin Saar mai kwal da Faransa ta so riƙewa aka bar mutanensa suka jefa ƙuri'a a 1955, ya koma Jamus a 1957. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa in mun zo gonarku.

Gabar addini ta fi wuyar sha'ani, saboda mai yinta yana ganin in ya sassauta ya saɓa wa Ubangiji. Amma in ka tona, yawanci za ka tarar da ƙasa, ko kasuwa, ko sarauta, ko aikin gwamnati a ƙarƙashi. A Ayilan ta Arewa duka ɓangarorin Kiristoci ne, 'yan Katolika da 'yan Furotesta, harshe ɗaya, launin fata ɗaya. 'Yan Furotesta suna fara labari daga kisan da aka yi musu a 1641, kuma duk ranar 12 ga Yuli suna fitowa maci da ganguna don tuna nasarar yaƙin Boyne na 1690. 'Yan Katolika suna farawa daga ƙwace musu gonaki a farkon ƙarni na 17 da kisan da Cromwell, kwamandan sojojin Ingila, ya yi a garin Drogheda a 1649. Abin da ya fito da su titi a ƙarshen shekarun 1960 kuwa ba saɓanin aƙida ba ne, wariya ce wajen rabon gidaje da aiki da yankan mazaɓu. Mutum fiye da 3,500 suka mutu kafin yarjejeniyar 1998. A 2007 Ian Paisley, limamin cocin Furotesta da ya shafe rayuwarsa yana tsine wa ɗaya ɓangaren, ya kafa gwamnati tare da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar 'yan bindiga ta ɓangaren 'yan Katolika. Duk da haka katangun da suka raba unguwanni a Belfast suna nan tsaye, mafi yawan yara makarantu daban-daban suke zuwa. Bindiga ta yi shiru, zukata ba su gama haɗuwa ba.

Wanda ya san Kaduna ba ya buƙatar a yi masa bayanin katanga, mu kogi ne ya zama tamu. Tun bayan rikicin 2000 mutane suka riƙa sayar da gidaje suna ƙaura, Musulmi zuwa arewa, Kirista zuwa kudu. Wannan rabuwa ita ce abin da na fi jin tsoro, fiye da rikicin kansa, domin yaron da ya tashi bai taɓa cin abinci a gidan wancan ba, duk abin da aka gaya masa a kansu zai yarda. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan mayar da kasuwa wani wuri ya tashi, amma ka tambayi kowane ɓangare ka ji daga wane ƙarni zai ɗauko maka. A tarzomar da ta biyo baya Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kuma a lokacin kowannensu jagoran matasan ɓangarensa ne. An haɗa su a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa sun yi shekaru suna aiki tare, in tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya danne Imam da matashin kai. Ina son wannan magana saboda gaskiyarta. Aikin tare ne ya riga, zuciya daga baya ta biyo. A Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna, bayan wata uku aka sake ɓarkewa a kan gasar sarauniyar kyau. Duk wanda ya ce maka takarda ɗaya tana kashe gaba bai yi zaman sulhu ba.

Mu Musulmi muna da misali a gabanmu da ba mu cika tsayawa a kansa ba. Larabawa sun yi wajen shekara 40 suna yaƙin Basus a kan raƙuma ɗaya. Aus da Khazraj sun gwabza a Bu'as 'yan shekaru kafin hijira, kuma littattafan sira sun kawo cewa bayan sun musulunta, waƙoƙin wannan rana kawai aka rera musu a wani zama suka nemi zare takubba. A huɗubar ban kwana, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke bashin jinin jahiliyya, da jinin gidansu ya fara, na ɗan Rabi'a bin Haris. Da ya soke riba, da ta baffansa Abbas ya fara. Mai ƙarfi, mai haƙƙi a hannu, shi ya fara ajiye nasa. Da mai rauni ne ya fara da an ce tsoro ne.

Kakanninmu ma suna da tasu dabarar. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, Shehu Laminu na Borno da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin yaƙin. Yau Bafulatani da Babarbare in sun haɗu a tasha kowa cewa yake wancan bawansa ne, a yi dariya a rabu. Haka Kanawa da Zagezagi, haka Gobirawa da Yarbawa. A Nijar har hukumar UNESCO ta sa wannan wasa cikin al'adun da duniya ke adanawa a 2014. Ba a goge tarihin ba, an zare masa dafi ne. Faɗan da ya fi ƙarfinka, aka ce, sai ka mai da shi wasa.

Inda gabar gida ta bambanta da ta ƙasa shi ne girman masu cin moriyarta. A ƙasa ɗan siyasa ne da mai sayar da makami da mai wa'azin da in an shirya kasuwarsa ta mutu. A gida kuwa ba su wuce mutum biyu ko uku ba, kuma in ka nutsu ka san su: mai kai maganar nan can, ya ɗauko ta can ya kawo nan, da ƙarin gishiri. Ta gida ta fi sauƙin kashewa ta wannan fuskar, ta fi wuya ta wata, don 'yan ubanci ciwo ne na tun yarinta, gonar sau da yawa tuta ce kawai.

Duk da haka kada a tsallake gonar. Na ga sulhun da aka yi da kuka da rungume-rungume a gaban mai unguwa, damina na sauka aka koma gidan jiya, saboda ba wanda ya taka ya nuna iyaka. In gadon ba a raba shi bisa ƙa'ida ba, a samo malamin da ya san rabon gado, wanda su biyun suka yarda da shi, ko a je gaban alƙali, a auna, a kafa alama, a rubuta, shaidu su sa hannu. Yafiya daban, haƙƙi daban. Amma wannan ba aikinka ba ne yanzu, kuma in ka fara da shi ka ɓata komai.

Naka aikin ƙarami ne. Hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu wanda ya fara sallama, ya hau kanka kai ma, domin kai da 'ya'yan baffanka ba abin da ya haɗa ku. Kada ka je a ɓoye. Ka sami mahaifinka a lokacin da ransa yake sanyi, ka ce kana neman izininsa ka je ka gai da baffa, kada ka yi masa wa'azi, kada ka ce masa shi ma yana da laifi. In ya yi shiru bai hana ba, izini ke nan. In akwai goggo da ta rage a raye, wadda su biyun ke jin kunyarta, ka fara biyawa ta wurinta, ta san ranar da kowannensu yake fara labari, wataƙila ta san wadda ta riga duka biyun.

In ka je, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tashi. Kada gona ta fito daga bakinka, in shi ya ɗauko ta ka saurara har ya gama, ko da abin da yake faɗa a kan mahaifinka ya yi maka ɗaci, ka ce Allah ya kyauta. Zai yiwu ya amsa maka a daƙile, zai yiwu ko tabarma ba za a shimfiɗa maka ba. Ka koma bayan sati biyu, ka kuma komawa. In an yi haihuwa a gidan ka je suna, in an yi rashi ka riga kowa zuwa. In ya tambaye ka wa ya aiko ka, ka gaya masa gaskiya, ba wanda ya aiko ka, amma Baba ya san ka zo.